Ta Biyar Gyara Ce

Karatu: Luka 12:4-7 da 22-31, Matiyu 10:29-31



A cikin umarnan da Yesu ya ba almajiransa akwai masu nauyi ƙwarai. Ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu gafarta, mu ɗauki gicciye. Amma akwai wani umarni guda wanda ba ya cin ko sisi, ba ya bukatar ilimi ko ƙarfin jiki, duk da haka shi muka fi mantawa da shi. A Matiyu sura 6 ya umarce mu mu dubi tsuntsaye. A Luka sura 12 ya ce mu lura da hankaki. Yaushe rabonka da ka yi biyayya da wannan?

Na san abin da za ka ce. Za ka ce, a Zongo ina tsuntsu? Daga Asawase zuwa Aboabo, daga Sabon Zongo zuwa Yalwa, kwano ne ke bin kwano, lungu na bin lungu. Kumasin da ake yi wa kirari da birnin lambu, itatuwansa sun ragu, a unguwanninmu kuwa sai ka yi tafiya kafin ka sami inuwar mangwaro ɗaya. Mutum ya tashi da duhu, ya kama hanyar Kejetia ko tashar trotro, idonsa na ƙasa don kada ya faɗa kwata. Wa ke da zarafin ɗaga kai?

To, gobe ka gwada. Lokacin da maƙwabtanmu suke dawowa daga sallar asuba, masu koko suna hura wuta, ka tsaya a tsakar gida minti biyar kawai. Za ka ji kurciya a kan wayar lantarki. Za ka ga gwara tana tsalle inda aka wanke tukunyar tuwo daren jiya. Hankaka zai wuce ta bisa, yana neman bola. Idan rani ne za ka ga shirwa tana shawagi, gama ita baƙuwar rani ce a ƙasar Asante, damina ta yi ƙarfi sai ta koma arewa. Inda aka ɗaure shanu ko tumaki ba ka rasa balbela. Idan kuma akwai itacen kwakwa ko mangwaro kusa, za ka iya samun marai sun cika shi da sheƙuna, suna hayaniya kamar kasuwar Asafo. Duk suna nan tun dā. Mu ne ba mu duba.

Bari mu fara da gwara, domin ita Yesu ya kai kasuwa.

A zamaninsa ana kama gwarare, a fige su, a sayar wa matalauta, nama ne na wanda ba shi da kuɗin nama. A Matiyu sura 10, Yesu ya faɗi farashinsu: biyu a kan ƙaramin tsaba ɗaya. Wannan tsabar kashi ɗaya ce cikin 16 na dinari, dinari kuwa shi ne ladan ƙodagon yini guda. A Luka sura 12 kuma ya ce biyar a kan tsaba biyu. Yi lissafi da kanka. In biyu tsaba ɗaya ne, tsaba biyu ai huɗu za su saya. Daga ina ta biyar ta fito?

Kowace mace da ta taɓa sayen tumatir ko gawayi a kasuwar Aboabo ta san amsar. Ta biyar gyara ce. Ita ce wadda mai sayarwa yake jefawa a kai don ka sake dawowa gobe. Ba a lissafa ta cikin kuɗi ba. In ta faɗi a hanya ba wanda zai koma nemanta. A daidai wannan wurin ne Yesu ya ce, cikin biyar ɗin nan babu ko ɗaya da Allah ya manta da ita. Har da ta gyaran.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, akwai mutane da yawa a birnin nan da duniya ta ɗauke su gyara. Yarinyar da ta taso daga arewa tana kayayo a Kejetia, kwano a kai tun safe, dare ya yi ta kwana a bakin shago. Tsohon da ya ƙare ƙarfinsa a gonakin koko, yanzu yana gadi, 'ya'yansa ba sa kiran waya. Matar da ba ta haihu ba, wadda a gidan miji ake ƙirga kowa kafin a tuna da ita. Wanda ya bar Bawku ko Bolga ko Wa shekara 30 da suka wuce, a can an ce ya zama ɗan Kumasi, a nan kuma har yau baƙo ne. Zongo kansa ma'anarsa ke nan, masaukin matafiya, tun zamanin fataken goro da suke bi ta Salaga. Wataƙila kai ne. Wataƙila ko a cikin ikilisiya ba a taɓa kiran sunanka daga gaba ba. Maganar Yesu gare ka ita ce, Uban da bai manta da gwarar gyara ba, ya ƙirga gashin kanka, kuma darajarka a wurinsa ta fi ta gwarare masu yawa.

Amma ka lura da kyau, kada mu sa wa Yesu maganar da bai faɗa ba. Bai ce gwara ba ta faɗuwa ba. Tana faɗuwa. Yaro yana harbe ta da danƙo, kyanwa tana kama ta, iskar damina tana zubar da sheƙa da ƙwai. Abin da ya ce shi ne, ba ta faɗuwa ba tare da Uba ba. Wasu masu wa'azi suna alkawarta wa mutane cewa in sun ba da gaskiya, ko in sun ba da baiko mai kauri, wahala ba za ta taɓa su ba. Wannan ba koyarwar Ubangiji ba ce. A watan Disamba na 2022, hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50 cikin 100, kuma masu bi ma sun sayi gari a farashi ɗaya da kowa. Gobarar da ta tashi a sabuwar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023, da wadda ta cinye shaguna a Adum a watan Maris na 2025, ba su tambayi addinin mai shago ba. Yesu ya yi maganar gwara ne ga almajiran da yake gaya musu a fili cewa za a kai su gaban mahukunta, wasu har a kashe su. Ta'aziyyar ita ce ba za su faɗi su kaɗai ba. Shi kansa ya faɗi, a kan gicciye, ya kuwa miƙa ruhunsa a hannun wannan Uban, a rana ta uku Uban ya tashe shi.

Sai hankaka. Ni kam ina mamakin wannan zaɓi. Da Yesu ya so ya koya mana dogara ga Allah, me ya hana ya ɗauki kurciya mai tsabta? Hankaka haram ne bisa ga Littafin Firistoci sura 11. Mu ma ba mu ba shi suna mai kyau ba: mun ce mai da ɗan wani naka, mun kuma mai da shi misalin munafuki, gaba fari baya baƙi. (Na ƙasar Isra'ila ma baƙi ne wuluk, ba shi da farar rigar da namu yake sawa.) Amma Allah yana ciyar da shi. A Ayuba sura 38, Allah da kansa ya tambayi Ayuba ko wa ke tanada wa hankaka abinci sa'ad da 'ya'yansa suke kuka. A 1 Sarakuna sura 17 kuma, hankaki ne suka riƙa kawo wa annabi Iliya gurasa da nama safe da yamma a bakin rafin Kerit. Tsuntsun da aka san shi da ƙwace, shi Allah ya mai da mai rabo. Saboda haka kada ka ce ka ƙazantu da yawa har Allah ba zai kula da kai ba. Kada kuma ka raina hannun da Allah zai aiko maka da taimako ta wurinsa, ko da ba daga ikilisiyarku ya fito ba.

Kada malalaci ya yi murna da wannan aya. Gaskiya ne tsuntsaye ba sa shuka, ba su da rumbu. Amma ka taɓa ganin wanda ya zauna a reshe ya buɗe baki yana jiran tsaba ta faɗo? Dubi marai. Namijin ne yake tsage ganyen kwakwa ko ciyawa sili-sili, ya saƙa sheƙa da baki da ƙafa, ya rataye a ƙarƙashinta yana karkaɗa fukafukai don tamata ta zo ta duba. In ba ta yi mata ba, sai ya warware ya sake sabuwa. Yana aiki iyakar ƙarfinsa. Abin da ba ya yi shi ne kwana ido biyu yana lissafin shekara mai zuwa. Yesu bai hana aiki ba, damuwa ya hana.

Yanzu ina so in yi magana da kai mai tsuntsu a gida, domin akwai irinka da yawa a cikinmu. Wani yana da tattabaru a tukwane ko akwatuna a jikin bango. Wani yana da kanari a ƙaramin keji, ya rataye shi a bakin shagon ɗinki ko na aski. Wani kuma yana da aku, wanda Asantawa ma suke kira da suna mai kama da namu. Ba zunubi ba ne. Jin daɗin kukan kanari baiwa ce daga Allah, kuma na san akwai tsofaffin da in ba don tsuntsun nan ba, da sai su yini ba su ji muryar wani mai rai a ɗakinsu ba. Amma ka gane abu ɗaya. Tsuntsun sama Uba ne yake ciyar da shi. Ranar da ka rufe ƙofar keji a kansa, ka shiga tsakaninsa da gonar Allah. Ba zai iya zuwa rafi ba, ba zai iya guje wa rana ba. Ka ɗauki aikin ciyarwa a wuyanka, kuma wanda ka karɓi aikin daga hannunsa ba ya mantuwa. Karin Magana sura 12 aya 10 ta sa kula da ran dabba cikin alamun adali.

To, yaya ruwansa yake? An canja shi yau, ko na shekaranjiya ne mai gansakuka? Kejin yana rataye a ƙarƙashin kwano da tsakar rana? Yana kusa da hayaƙin murhu? Huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi kamar namu. Zai iya buɗe fukafukansa duka biyu ba tare da sun taɓa ƙarfe ba? In za ka tafi jana'iza arewa na mako guda, wa ka bar wa amanarsa, ko kuwa ka zuba gero da yawa ka ce Allah ya kiyaye? Mai aku kuma ya sani, tuwo da miya mai gishiri ba abincinsa ba ne. A daji 'ya'yan itace da ƙwayoyi yake ci, musamman kwakwar manja. Kada a ba shi paya, gama tana yi wa tsuntsaye lahani har ta kashe su. Aku yakan rayu shekara 40 ko fiye a hannun mutum, yana iya binne wanda ya saye shi. Tsuntsu ne mai zama cikin garke, in aka bar shi shi kaɗai a lungu ba mai kula shi, sai ya fara fige gashin jikinsa. Muna dariya in ya kwaikwayi muryarmu, amma sau da yawa neman abokin magana yake yi.

A kan aku akwai magana mai nauyi da ya kamata masu bi su sani. Dazuzzukan kudancin Ghana a dā cike suke da shi, tokan nan mai jar wutsiya, har dangin Agona na Asantawa suka ɗauke shi alamarsu, kamar yadda dangin Asona suka ɗauki hankaka. Wani masani ɗan Ghana, Nathaniel Annorbah, tare da abokan aikinsa biyu, sun koma wuraren da aka ƙirga aku a farkon shekarun 1990, suka sake ƙirgawa. Binciken nasu ya fito a 2016, ya nuna cewa tun daga 1992 ƙasar ta rasa tsakanin kashi 90 da 99 cikin 100 na wannan tsuntsu. Dalili biyu suka fi girma: kama su don sayarwa, da sare manyan itatuwa masu kogo inda suke yin ƙwai. A watan Oktoba na 2016, a taron ƙasashen duniya da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka hana cinikin akun daji daga ƙasa zuwa ƙasa. Ungulu ma haka. Waɗanda suka manyanta a Kumasi sun san lokacin da take jere a kan rufin kasuwa da mayanka, tana share mushe ba a biya ta. Yanzu sai an dace. Tun 2015 masana suka sa irin tamu cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa, kuma cikin abubuwan da suka jawo haka akwai guba da kuma masu sayen kanta da sassan jikinta don tsafi. Mai bin Yesu ba shi da rabo a wannan ciniki, ko saye ko sayarwa.

Ka san Allah ya yi doka a kan wannan tun zamanin Musa? Buɗe Maimaitawar Shari'a sura 22, aya 6 da 7. In mutum ya tarar da sheƙa a hanya, uwa tana kwance a kan ƙwai ko 'ya'ya, an yarda ya ɗauki 'ya'yan, amma dole ya saki uwar. Ƙaramar doka ce ƙwarai. Amma alkawarin da aka ɗaura mata, na zaman lafiya da tsawon rai, irinsa ne aka ɗaura wa dokar girmama uwa da uba. Allah ya yarda mu ci, bai yarda mu ƙare iri ba. Wanda ya kama uwa da 'ya'ya, ya kuma sare itacen, ya ci na yau ya cinye na jikokinsa. Don haka shawarata ita ce, in aka kawo maka akun da aka kamo daga daji, kada ka saya, ko da araha ne. Kowane wanda aka saya, saƙo ne ga mai tarko cewa ya koma daji. In kuwa kana da shi tun dā, kada ka ce za ka buɗe keji ka sake shi a tsakiyar Zongo don ka huta da lamirinka. Wanda ya daɗe a keji bai san neman abinci ba, bai san shaho ba, mutuwa za ka tura shi. Riƙe shi da kyau har iyakar ransa. Mai sha'awar kiwo kuma, ga tattabara. Tana fita da safe ta dawo da kanta, ba a tilasta mata. Ƙwai biyu take yi, namiji da tamata suna karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 18 ko kusa da haka, su biyun kuma suke ciyar da 'ya'yan, abin da wasu magidanta a cikinmu ya kamata su tsaya su kalla. Ita da kurciya ne hadayar matalauci a Shari'a, kuma irin wannan hadaya Yusufu da Maryamu suka kai Haikali saboda jaririn Yesu, kamar yadda Luka sura 2 ta nuna.

Akwai wani abu kuma a cikin keji da nake so ka gani. Ka san yadda ake kama kanari? Ana yin keji mai ɗakuna. A ɗaya a sa wanda aka riga aka kama, a ɗayan a zuba tsaba, a ɗana ƙofa. A kai shi bakin gona a rataye. Na ciki ya yi ta rera kuka, na waje ya ji muryar ɗan'uwansa, ya sauko, ƙofa ta rufe. Mai tarko bai yi kira ba, ɗan'uwa ne ya yi masa kiran. Annabi Irmiya ya san wannan sana'a. A sura 5 ya kwatanta mugayen mutanen zamaninsa da masu ɗana tarko, ya ce gidajensu sun cika da ha'inci kamar yadda keji yake cika da tsuntsaye. Matasa, ku ji. Wanda zai ja ka zuwa caca a waya, ko ƙwaya, ko damfara ta intanet, ko tafiya ta hamada zuwa Libiya, da wuya ya zama baƙo. Abokinka ne, yarenku ɗaya, muryarsa mai daɗi. Ba ya gaya maka cewa shi ma a rufe yake. Kafin ka sauka, dubi inda ƙafarsa take tsaye. Ka kuma tambayi kanka ko kai ne kake rera wa wani. In kuwa ƙofa ta riga ta rufe a kanka, karanta Zabura 124. Masu waƙar sun ga kansu kamar tsuntsun da ya kuɓuta domin tarkon ya karye. Tsuntsu ba ya karya tarko da kansa. Ka kira ga Yesu, ka kuma nemi fastonka ko wani dattijon ikilisiya ka faɗa masa gaskiya, yau ba gobe ba.

Ku iyaye da malaman makarantar Lahadi, ku karɓi danƙo daga hannun yaron da yake harbi don wasa kawai, ku ba shi wani aiki a madadinsa. A sami tsohon kasko, a zuba ruwa kaɗan, a ajiye a inuwa inda kyanwa ba za ta laɓe ba, a riƙa zubarwa ana canjawa kowace rana don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Da hunturu, sa'ad da ƙura ta rufe gari, za ku sha mamakin baƙin da za su zo. Zumuntar matasa kuma, in kuna neman inda za ku je, ga Owabi nan bayan gari kaɗan, inda madatsar ruwa take, an ƙirga tsuntsaye iri kusan 160 a dajin da ke kewaye da ita. Ku tafi da sassafe, ku tafi da Littafi Mai Tsarki, ku yi shiru.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, muna kawo maka 'yan matan da suka kwana a bakin shaguna daren jiya, da 'yan kasuwar da wuta ta cinye jarinsu, da tsofaffin da ba mai leƙa su. Ka ba su abincin yau. Ka nuna mana wanda za mu kai wa namu. Ka kuɓutar da 'ya'yanmu daga tarko. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.